Jama'ar Hunturu: Masu Hawan Dutse da Masu Dawowa Daga Tsibiri

Hunturu shi ne lokacin da busasshiyar iska take kaɗowa daga arewa maso gabas, ta ratso Sahara ɗauke da ƙurar da kaso mai yawa nata yake tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta lulluɓe ƙasar Hausa tun daga watan Nuwamba har zuwa ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris. A cikin waɗannan watanni ne leɓe yake tsagewa, dunduniya ta yi faso, hazo ya hana jirage sauka a kan lokaci, wankan asuba kuma ya zama shawarar da magidanci ba ya yankewa sai bayan dogon tunani. A 'yan shekarun nan ma'aikata da 'yan kasuwar birane irin su Kano da Kaduna da Zariya da Jos da Abuja sun ɓullo da hanyoyi biyu na tarbar wannan yanayi. Kashi na farko su ne masu tattaki, wato waɗanda suke haɗuwa da sanyin safiyar Asabar su hau dutsen da yake kusa da gida, ba don neman itace ko ɓatacciyar akuya ba, sai don motsa jini. Kuma suna da hujja, domin a hunturu dutse ba ya santsi, ciyawa ta bushe, macizai sun lafa, rana kuma ba ta yin kaifi sai hantsi ya dubi ludayi. Kashi na biyu su ne masu gudu, waɗanda da zarar watan Disamba ya raba suke ɗaure akwati su nufi wani tsibiri mai ɗumi, galibi Zanzibar ta ƙasar Tanzaniya, wadda take kudu da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka lokacin da Kano take rawar ɗari can ana tsakiyar zafi. Rabuwar waɗannan ɓangarori ba ta daɗewa, domin a watan Janairu masu gudu sukan dawo su shiga sahun masu tattaki, kuma a gindin dutse, inda ake jiran a cika, a nan ne mai son sanin halin ɗan Adam yake samun abin nazari fiye da yadda zai iya rubutawa.

Wanda ido yake fara sauka a kansa shi ne mai kayan aiki. Wannan bawan Allah ya yi shirin da ya dace da Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Nijeriya, wanda yake jihar Taraba a kan iyakar Kamaru kuma ya kai mita 2,419, alhali kuwa Dala aka zo hawa, wanda tsawonsa daga doron teku mita 534 ne, kuma da yake birnin Kano kansa a kan tudu yake, abin da ƙafa take takawa bai wuce 'yan gomiyoyin mitoci ba, ga shi kuma an yi matakala. Yana riƙe da sandunan ƙarfe biyu, ya goya jaka mai bututun shan ruwa, ya ɗaura agogon da yake ƙirga bugun zuciya, ga fitila a goshi ko da yake gari ya riga ya waye, kuma kafin ya gama ɗaure igiyoyinsa yaran unguwa sun hau sun sauko da silifas, ɗaya daga cikinsu ma da farantin talla a ka. Kishiyarsa shi ne wanda ya zo cikin shadda mai sitati da hula zanna da takalmi sau-ciki saboda daga nan ɗaurin aure zai wuce, kuma idan tattakin na daji ne, ƙarangiya ce take raka shi har gaban waliyyin amarya. Akwai makararre, wanda yake amsa waya daga cikin bargo yana rantsuwa cewa ga shi nan a kan hanya. Akwai kuma mai tambayar saura nawa, wanda yake fara tambayarsa tun motocin da aka ajiye ba su ɓace wa gani ba, ana ba shi amsar da aka saba, wato an kusa, bayan wancan dutsen ne, har ya gano da gwiwoyinsa cewa hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Malamin tarihi ya ɗan fi waɗannan buƙatar haƙuri, domin abin da yake faɗa gaskiya ne, lokacin faɗarsa ne bai dace ba. Ya karanta littafin Tarihin Kano wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya san Barbushe da Tsumburbura da zuwan Bagauda a shekarar 999, kuma ya lura cewa mutumin da yake haki ba ya iya katse mai magana, saboda haka sai an kai inda hawa ya fi tsanani yake buɗe darasi. Idan a Kufena ta Zariya ake, sai ya ɗauko Turunku da Bakwa da Sarauniya Amina; idan a duwatsun Shere na Jos ne, inda ƙololuwa ta haura mita 1,800 kuma ɗarin safiya yake sa yatsu su ƙage, sai ya koma kan haƙar kuza da zuwan Turawa. Abin lura game da shi shi ne yakan ba da labarin yadda aka ce Barbushe yana kashe giwa da sanda ya ɗauko ta a ka, a daidai lokacin da shi kansa ya miƙa wa wani ƙaramin yaro jakarsa ya riƙe masa.

Babu mai yi wa Hajiya mai filas ba'a sai marar godiya. Ita ce take zuwa da kunun gyaɗa mai zafi da ƙosai a cikin kula da man kaɗanya don masu tsagaggen leɓe, ba ta taɓa kaiwa ƙololuwa ba kuma ba ta taɓa cewa za ta kai ba, sai dai ta sami falalen dutse a tsakiyar hanya ta shimfiɗa darduma ta ce, “Ku je ku dawo, Allah ya tsare.” Bincike ya nuna cewa yawan masu jin ciwon gwiwa yakan ƙaru ƙwarai a daidai wurin da ta zauna.

Sai kuma ɗan tsibiri, wanda ya cancanci babi nasa shi kaɗai. A wannan bayani ba wanda aka haifa a tsibiri ake nufi ba, ana nufin wanda ya yi kwanaki ƙalilan a can ya dawo da labarin da zai ishe shi har ƙarshen hunturu. Ana gane shi tun daga nesa, domin yana sanye da riga mai zanen ganyen kwakwa a kan rigar sanyi, da wata faffaɗar malafa wadda da a kasuwar Kurmi aka tallata masa da ya ce ta manoma ce, amma da yake da kuɗin waje ya saye ta, ba ya cire ta ko iska tana neman tafiya da ita. A wuyan hannunsa akwai munduwar wuri, a hannun jakarsa kuma har yanzu takardar da kamfanin jirgi ya liƙa tana nan, ya bar ta ne da gangan, kuma idan ta fara ɓamɓarewa yakan danna ta da babban yatsa. Yana isowa zai fara rawar ɗari fiye da kowa, ya rungume hannu yana cewa, “Wallahi Alhaji, jikina bai gama dawowa ba,” wanda ba ƙorafi ba ne, gayyata ce a tambaye shi daga ina jikin nasa yake dawowa. Waɗanda suka san shi sukan yi shiru su dubi takalmansu, amma kullum ba a rasa sabon shiga mai ladabi wanda zai ce, “Yallaɓai, tafiya ka yi?” Daga wannan tambaya tattakin ranar ya tashi daga hannun shugaban ƙungiya.

Dabarar ɗan tsibiri ita ce babu maganar da ba ta da ƙofar shiga Zanzibar. Idan wani ya ce yau hazo ya yi yawa, sai ya ce ai a Nungwi, can ƙarshen arewacin tsibirin Unguja, sama garau take har mutum ya ƙirga jiragen masunta. Idan Hajiya ta zuba masa shayi mai kanumfari, sai ya shinshina ya girgiza kai, ya ce ya ga bishiyar da idonsa a gonar kayan ƙamshi, ya bi da bayanin yadda Sarkin Oman, Sayyid Sa'id, ya bunƙasa nomansa bayan ya mayar da fadarsa can a wajen 1840, sai dai a bakinsa sarkin yakan canza suna da ƙasa daga wannan Asabar zuwa waccan, kuma bai taɓa ambatar cewa mafi yawan kanumfarin daga tsibirin Pemba yake fitowa ba, inda bai taka ba. Hatta wahalarsa ado ce. Yakan yi tsaki ya ba da labarin sa'o'in da ya yi yana jiran canjin jirgi a Adis Ababa, da inshorar dala 44 da hukumomin tsibirin suka wajabta wa baƙi tun watan Oktoban 2024, yana faɗa da muryar wanda aka zalunta, yana kuma satar kallon fuskoki don ya tabbatar an ji adadin.

Ba a nan cutarwarsa take ba, tana inda hanya ta fi ƙunci, wurin da dole a bi ɗaya bayan ɗaya tsakanin manyan duwatsu biyu. A nan yake tsayawa cak, ya zaro waya, ya goge ƙurar fuskarta da gefen riga, ya tare mutum ashirin a bayansa don ya nuna wa na kusa da shi hoto guda, wanda kafin a same shi sai an ratsa ɗaruruwa. Ga shi a gaban wata sassaƙaƙƙiyar ƙofar katako mai ƙusoshin tagulla a tsohon birnin Zanzibar, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. Ga shi a gaban wata ƙofar dabam da tsayuwa iri ɗaya. Ga shi ya durƙusa nesa kaɗan da wani ƙaton kunkuru a ƙaramin tsibirin Changuu, yana murmushin wanda bai yarda da dabbar ba. Waɗannan kunkuraye asalinsu kyauta ce da aka aiko daga Seychelles a 1919, kuma gaskiya ne suna da tsawon rai, amma babu kunkurun da yake tsufa da sauri irin na ɗan tsibiri, domin wanda yake da shekara 150 a gindin dutse yakan kai 200 a wurin hutun farko, kafin a isa ƙololuwa kuwa ya riga ya yi zamani da Barbushe.

Abin da ya faru a zahiri ba daga bakinsa ake jin sa ba, daga wurin uwargidansa yake fitowa, ta hanyar Hajiya mai filas. An ruwaito cewa a safiyar farko a Paje, a gabar gabas, ya fito da sabon gajeren wando da tawul a kafaɗa ya tarar babu teku. Cika da janyewar ruwan teku abu ne da jan wata yake haddasawa sau biyu a kowace rana, kuma a wannan gaɓa, da yake ƙasan ruwan shimfiɗaɗɗe ne, idan ruwa ya janye yakan bar fili mai nisan gaske, inda matan ƙauye suke shiga su duba gonakinsu na ciyawar teku da suka ɗaure a jikin igiyoyi da turaku. Shi kuwa sai ya koma wurin masu karɓar baƙi ya nemi ganin manaja, a kan cewa ɗaki mai kallon teku ya biya. An kuma ruwaito cewa ya yi sallolinsa na farko yana fuskantar gabas yadda ya saba tun yana yaro, har sai da wani ma'aikacin masauki ya nuna masa cewa Makka tana arewa da Zanzibar kusan kai tsaye, kuma bai miƙa wuya ba sai da ya ga jama'ar masallaci da idonsa. Da daddare an kai shi lambun Forodhani, inda ake gasa kayan teku a bakin ruwa, ya dubi wata dabba mai hannuwa takwas a kan wuta, ya nemi tsari, ya koma ɗaki ya buɗe kilishi da yajin da ya taho da su daga gida. Kwana uku bai cika ba ya fara tambayar ko akwai inda ake tuwo. Ruwan da ya shiga bai wuce idon sawu ba, kuma ko a nan da rigar kariya daga nutsewa a jikinsa. Sauran lokacin ya yi shi ne a cikin ɗaki, saboda zafi da gumi sun dame shi, ya ƙure na'urar sanyaya ɗaki ya ja bargo, wato ya biya kuɗin jirgi da na masauki don ya sayi sanyin da ya baro kyauta a Kano.

Idan aka kai ƙololuwar Dala, jama'a suka yi shiru suna mayar da numfashi, suna kallon birni yana fitowa daga cikin hazo, ga Goron Dutse can yamma, ga hasumiyoyin masallatai, ga hayaƙin masu ƙosai yana tashi daga lunguna, ɗan tsibiri yakan riƙe ƙugu ya yi ajiyar zuciya ya ce, “Kai, da a ce akwai teku a nan.” Duk da haka ana haƙuri da shi, saboda labarinsa yakan ƙare da kansa kafin zafin Maris ya shigo, kuma saboda, a yi masa adalci, yakan kawo tsarabar kanumfari da kirfa ya raba wa kowa.

Abokan tafiyarsa zuwa tsibirin ba su kai shi nauyi ba. Mai lissafi bai ji daɗin komai ba a tsibirin, domin duk kwakwar da aka fasa masa sai ya juya shilin zuwa dala, dala zuwa naira, naira zuwa mudun shinkafa, kafin ya gama ruwan ya yi ɗumi. Ango mai ɗaukar hoto bai ga Tekun Indiya ba sai ta cikin wayar amarya, kuma babu shi a hoto ko ɗaya in ban da inuwarsa a kan yashi.

Akwai wani jinsi da ba a cika lura da shi ba, wato mai nazari, wanda kullum yake can ƙarshen layi da ɗan littafi da biro. Yakan tsaya a kai a kai ya jingina da dutse ya yi 'yan rubuce-rubuce, yana mai bayanin cewa halin jama'a ba ya fitowa sosai sai an kalle su daga baya, kuma abin mamaki ne yadda tunani mai zurfi yake zuwar masa a daidai wuraren da hawa ya fi tsauri. Bai taɓa zuwa tsibiri ba, amma ya san farashin tikiti fiye da waɗanda suka je, kuma an sha ganinsa a kan dardumar Hajiya yana tattara bayanai da kofin kunu a hannu. Irinsa ne suke rubuta maƙaloli a kan sauran.

Duk waɗannan ana iya zama da su, har ma ranar da ba su zo ba a ji tattakin ya yi salam. Wanda ba a iya yi wa uzuri shi ne mai karamcin waje, wato mutumin da hannunsa yake buɗewa idan ya haye teku, ya kuma damƙe idan ya dawo gida. A duwatsun da suke wajen gari, irin na Shere ko na kewayen Abuja, ba a shiga sai da jagora, kuma jagoran galibi yaron ƙauyen da yake gindin dutsen ne, wanda ya san inda dutse yake da rami, da inda ƙudan zuma suka yi gida, da hanyar da ba ta bi ta gonar mutane ko wurin da ƙauyen yake girmamawa. Wannan yaro yakan fito tun duhun asuba cikin riga ɗaya da silifas ɗin da aka ɗaure da waya, ƙafafunsa fari fat da kaushi, ya yi sa'a huɗu ko biyar yana gaba yana komowa baya, ya ɗauki jakar wannan, ya kama hannun wancan a gangare, ya bar aikin da iyayensa suka sa shi. Mai karamcin waje ya shafe rabin tafiyar yana ba da labarin yadda ya ba matuƙin kwale-kwale tukuici da dala har mutumin ya rasa bakin godiya, amma idan aka sauko aka ce a haɗa wa jagora wani abu, shi ne mai cewa, “Kai yaro, ai hanyar gidanku ce, ko ba mu ma za ka bi ta,” sannan ya laluba aljihu ya fito da tsohuwar takardar da ba ta sayen burodi, ya haɗa masa da ragowar biskit, ya kuma gargaɗi sauran kada su ɓata yaran ƙauye da kuɗi. Shi ne kuma wanda ya yaba tsabtar bakin ruwan masaukinsa har bakinsa ya bushe, ba tare da ya tuna cewa wasu ne suke share shi kowace asuba ba, alhali duk inda ya zauna a kan dutse sai ya bar ledar ruwa da gwangwanin lemo, waɗanda iskar hunturu take kwasa ta zuba a gonaki, awaki su ci leda su kumbura su mutu. Idan ya sami fenti ko gawayi yakan rubuta sunansa da lambar shekara a jikin dutsen da ya girmi kakannin kakanninsa. Wannan ba abin dariya ba ne, rowa ce da raini, kuma ita ce take sa wasu ƙauyuka su fara ɗaure fuska idan suka hango motocin masu tattaki.

Maganinsa ba shi da wuya. Shugabannin ƙungiyoyin tattaki su yanke ladan jagora tare da shi ko da mai unguwarsu tun a gindin dutse, a karɓi kason kowa kafin a ɗaga ƙafa, a kuma damƙa wa mai karamcin waje buhun tattara shara ya goya har a sauko. Idan ya ƙi, a bar shi a wurin motoci ya yi gadi.